Ƙarfe, Itace da Ƙanƙara: Tafiyata Zuwa Garuruwan Maƙeran Bindiga na Ingila

Na daɗe ina son sanin inda tsofaffin bindigogin adaka suka fito, waɗanda fataken Turai suka yi ta jibgewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun kafin mulkin mallaka, da irin ƙarfen da aka ƙera su da shi, da kayan aikin da maƙeransu suka riƙe. Saboda haka da wani taron aiki ya kai ni Ingila a watan Satumba, sai na haɗa da hutuna domin in bi sawun wannan sana'a a wuraren da aka yi ta.

Jirgin dare na hau, muka sauka a Heathrow gari na wayewa. Jami'ar shige da fice ta duba takardar gayyatar taron, sannan ta tambaye ni abin da zan yi a sauran kwanakin da suka rage. Kalmar bindiga ba ta da daɗin faɗa a bakin iyakar kowace ƙasa, amma na gaya mata gaskiya, cewa tarihin maƙeran bindiga na dauri nake son gani a Birmingham da Suffolk. Ta ɗago kai ta dube ni, ta nemi tikitin komawa da shaidar masauki, ta ƙare musu kallo, ta miƙo mini fasfo. Zancen taron ba shi ne ya kawo mu nan ba, don haka zan tsallake shi.

Daga tashar Euston ta Landan zuwa tashar New Street ta Birmingham jirgin ƙasa bai cika awa ɗaya da rabi ba. Na sayi tikiti tun da wuri a kan kusan fam 25, mutumin da ke kusa da ni kuwa, wanda ya saya a ranar, ya biya fiye da ninkin haka a kan kujera iri ɗaya. Ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin shi ya tarye ni, ya kai ni wani ƙaramin otal da ke karɓar kusan fam 70 a kwana, ɗakin da idan an buɗe akwati sai an tsallake shi kafin a kai ga ƙofa. Abinci bai ba ni wahala ba, domin a titin Coventry Road na unguwar Small Heath gidajen abincin Somaliyawa da Yamalawa da 'yan Pakistan a jere suke, kuma da fam 12 mutum zai ƙoshi da shinkafa da naman rago na halal.

Washegari muka taka zuwa unguwar maƙeran bindiga, wadda ke arewa da tsakiyar birni. Da muka isa, yaron ya waiga dama da hagu ya ce, "Kawu, ai nan ba abin gani sai titi da wurin ajiye motoci." Bai yi ƙarya ba. Babban titin da aka kewaye tsakiyar birnin da shi a shekarun 1960 ya ratsa unguwar ya cinye mafi yawanta, cocin St Mary da maƙeran suka zagaye da shagunansu kuwa an rushe shi tun a shekarun 1920. Abin da ya saura shi ne 'yan gine-ginen jan bulo a Price Street da Loveday Street da Bath Street, masu manyan tagogi a jere, saboda mai aikin magagari ba abin da yake bukata kamar hasken rana. Daga wannan gari ne a 1689 Sir Richard Newdigate, wakilin Warwickshire a majalisa, ya nema wa maƙera aikin gwamnati, har a 1693 aka ƙulla yarjejeniya da biyar daga cikinsu cewa za su riƙa kawo bindigogi 200 duk wata a kan sule 17 kowace ɗaya.

Abin da ya fara gyara mini tunani shi ne, a wannan unguwa babu mutum guda da ke ƙera bindiga daga farko har ƙarshe. Wanda ake kira mai ƙera bindiga sau da yawa ɗan kasuwa ne mai ɗakin ajiya, yana sayen bututu a wurin wannan, na'urar ƙyasta wuta a wurin wancan, sannan ya rarraba aikin ga masu sassaƙa ƙota, da masu goge ƙarfe, da masu zane, da masu rina bututu, kowa a ɗan shagonsa, yara ƙanana suna ta kai da kawo a lunguna da kayan a kafaɗa.

Yaron ya riga ya nema mana izini ta waya a wurin wani dattijo da har yanzu yake gyaran bindigogin farauta a saman wani bene. Muka hau wata matsattsiyar matakala ta katako, muka tarar da shi tsaye a gaban dogon bencin da ke ƙarƙashin taga. A jikin bencin an kafa ƙarfen matse aiki mai doguwar ƙafa da ta dire har ƙasa, a bango kuwa magagarai ne rututu, manya da ƙanana, masu faɗi da masu zagaye da masu kusurwa uku, har da wasu sirara kamar tsinke. Ya ce mana magagari shi ne uban kayan aikin wannan sana'a, kuma a da yaro kan shafe shekaru yana koyon yadda zai goge ƙarfe ya fito a miƙe kafin a yarda ya taɓa aikin mutane. Yawancin kayan sassaƙarsa shi ya ƙera su da hannunsa daga tsofaffin magagarai, kamar yadda magabatansa suke yi, domin su ma ba su da kantin da za su je su sayi abin yanka zaren sukuru ko abin matse sifirin, sai dai kowa ya ƙera nasa.

A nan na ga aikin da ya fi burge ni a tafiyar. Ya kunna 'yar fitilar kananzir marar gilashi, ya riƙe wani sashen ƙarfe a kan harshen wutar har hayaƙi ya yi masa baƙi, sannan ya danna shi a cikin gurbin da ya fafe a jikin ƙota, ya ɗaga. Inda ƙarfen ya taɓa itacen sai baƙin ya bar tabo, shi kuma ya sa kaifi ya kankare daidai wurin tabon, ɗan abin da bai kai kaurin takarda ba, ya sake mayar da ƙarfen kan wuta. Haka ya yi ta maimaitawa muna tsaye, ba ma'auni, ba na'ura, har ƙarfen ya zauna a cikin itacen kamar a nan ya tsiro.

Itacen walnat ne, kuma ya ce ba a taɓa samun wanda ya kai shi a wannan aiki ba, saboda yana da ƙwari ba tare da nauyi ba, ba ya saurin tsagewa idan bindiga ta yi tokari da baya, kuma idan ya bushe sosai ba ya murɗewa. Mai kyau daga Faransa da Turkiyya ake kawo shi, a ajiye shi shekaru yana shan iska, idan an gama sassaƙa a yi ta murza masa man linsid da tafin hannu. Bindiga mai arha kuwa itacen bic ake sa mata, a rina shi ya yi kama da abin kirki. Ya kuma nuna mana wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ake cikawa da gawayin ƙashi da ƙonanniyar fata, a binne sassan na'urar ƙyasta wuta a ciki, a rufe, a gasa har ya yi ja, sannan a juye cikin ruwan sanyi. Da haka bayan ƙarfen ke yin tauri cikinsa ya zauna da laushi, kuma in ba a yi wa farantin da ƙanƙara, wato dutsen ƙyasta wuta, ke bugawa haka ba, ba zai ba da tartsatsi ba. Launin ƙasa-ƙasa na tsofaffin bututu ma, ashe tsatsa ce ake jawowa da gangan, a goge, a sake jawowa, har ta zama rigar da ke kare ƙarfen daga wata tsatsar.

Domin in ga inda ƙarfen ke fitowa, na hau jirgin ƙasa zuwa Tipton, na taka kimanin mil guda cikin yayyafi zuwa gidan tarihin Black Country da ke Dudley, inda kuɗin shiga ya haura fam 20. Wannan yanki Allah ya haɗa masa kwal da tama da farar ƙasa a wuri ɗaya, kuma garuruwansa irin su Wednesbury da Darlaston su ne suka yi suna wajen ƙera na'urar ƙyasta wuta da ake kai wa Birmingham. A wata rumfa na tsaya kallon wani mai ƙera sarƙa yana haɗa bakin ƙarfe biyu da wuta da guduma kawai: ya bar ƙarfen a wuta har ya yi fari yana tartsatsi, ya fizgo shi, ya sakar masa duka uku ko huɗu da sauri, sai ga baki biyu sun zama ɗaya.

Da wannan dabara ake yin bututun bindiga. Ana ɗaukar fallen ƙarfe mai tsawo, a gasa, a yi ta dukansa a cikin wani kwari da ke jikin uwar maƙera har gefunansa biyu su naɗo su haɗu. Daga nan sai a riƙa gasa shi kaɗan-kaɗan, duk lokacin da aka fito da shi daga wuta wani ya zura sandar ƙarfe mai sanyi a cikinsa don kada ramin ya toshe, maƙeri ya buge bakin ya haɗe, a zare sandar, a mayar wuta, ana barbaɗa yashi don ya kwashe dattin da zai hana ƙarfen kamawa. Bututu guda yana cin shiga wuta sau da yawa, kuma wuri ɗaya tak da bai kama ba ya isa ya zama ajalin mai harbi bayan shekaru. Sai kuma a kai shi gidan huda, inda ƙarfin ruwan kogunan Rea da Tame ke juya dogayen ƙarafa masu kusurwa huɗu, ana sauya ƙarami da babba har ramin ya yi sumul, sannan a wasa bayansa a kan ƙaton dutse. Mai duba miƙewar bututu ba shi da wani abin aiki sai idonsa: yana ɗaga shi ya saita taga, ya karanta yadda inuwa ta kwanta a cikin ramin, inda ta karye nan ne ƙarfen ya lanƙwashe.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a wannan rumfa ba, domin uwar maƙera ce, da masaba, da awartaki, da zuga-zugi. Bambancin da ido ke fara gani shi ne nasu maƙerin a tsaye yake aiki namu a zaune, zuga-zuginsu ƙato ne guda na katako da fata wanda ake ja da sanda, namu kuwa tagwaye ne na fatar akuya da yaro ke bugawa, su suna hura kwal mu muna hura gawayin ƙirya. A ganina ba gwaninta suka fi namu ba, don kuwa maƙeranmu sun gyara bindigogin nan, sun ƙera musu sassa, daga baya ma sun ƙera nasu. Abin da suka samu wanda namu ba su samu ba shi ne kogin da ke juya musu dutse da abin huda dare da rana, da ƙarfe mai yawa wanda ya riga ya zo a falle, da kuma gari guda da ya rarraba aiki ɗaya ga hannaye masu yawa.

Shi kansa ƙarfen hawa-hawa ne. Ƙarfe mai tauri na sifirin da magagari daga sandunan ƙarfen Suwidin ake yin sa, a jera su cikin gawayi a rufaffen akwatin dutse, a gasa kusan mako guda. Bututu mafi daraja kuwa, abin mamaki, da tsofaffin ƙusoshin takalmin doki ake yin sa. Ƙusar doki dole ta kasance daga ƙarfe mai kyau, ga shi ta sha duka a maƙera ta kuma sha a kan hanya, saboda haka ake tattaro su har daga wasu ƙasashen Turai, a wanke, a dunƙule su a wuta, a miƙe su kamar ɗamara, a naɗe a jikin sanda a haɗe. Daga wannan sai daraja ta yi ta sauka, har a kai ga ƙarfen da ake kira da kuɗinsa, na kwabo uku da na kwabo biyu.

Inda wannan ƙarfe mafi arha ya tafi shi ne abin da na fahimta a gidan gwajin bindigogi na Banbury Street. Majalisa ce ta kafa shi a 1813, yana nan yana aiki har yau, kuma ba a shigarsa sai da alƙawari tun da wuri, don haka na bi ayarin wasu masu ziyara. Ginin jan bulo ne, a saman ƙofarsa an yi adon makamai da tutoci, ga aikin sabon layin dogo ya kewaye shi da ƙura da ƙara. Aka nuna mana yadda ake yi a da: a jera bututu a kwance, a ɗura wa kowane albarushin da ya fi wanda zai ci a bakin aiki, a ja zaren albarushi a bayansu, a rufe ƙofa, a kunna daga waje, harsasai su nutse a tudun yashi. Wanda ya tsira a buga masa hatimin sandunan sarauta biyu a gicciye da kambi a sama. Waɗanda ba su tsira ba na ga irinsu a ajiye, wasu sun tsage a tsaye, wasu sun buɗe kamar an ɓare su da hannu.

Kafin 1813 babu dokar da ta tilasta wannan gwaji a Birmingham, kuma waɗancan shekarun su ne ganiyar cinikin bayi. Masanin tarihi ɗan Najeriya Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigar da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma a kowace shekara, kuma kaso mai tsoka daga wannan gari ya fito. Dogayen bindigogi ne masu ƙotar bic da aka rina, da ƙarfe mafi arha, kuma tun a zamanin akwai Turawan da suka yi ta sukar yadda suke fashewa a hannun masu harba su. Gidan Galton na Steelhouse Lane yana cikin manyan masu wannan ciniki, har a tsakiyar shekarun 1790 'yan ɗarikar Quaker, Kiristoci masu ƙin yaƙi, suka tuhumi Samuel Galton ƙarami, wanda ɗansu ne, suka kuma yanke shi daga cikinsu. Hujjarsa ita ce ƙera makami daban, yin amfani da shi daban. Ni dai da na tsaya gaban fasassun bututun nan ban ga inda wannan hujja ta wanke wanda ya san irin ƙarfen da ya sa a ciki ba.

Daga Birmingham na yi gabas ni kaɗai, ta Leicester da Peterborough, na sauya jirgi a Ely, na sauka a Brandon, wani ɗan gari a bakin kogin Little Ouse inda Suffolk ta yi iyaka da Norfolk. Tun daga tasha mutum zai ga abin da garin ya rayu a kai, domin bangayen tsofaffin gidaje da baƙar ƙanƙara aka gina su. Na kwana a gidan wata dattijuwa mai saukar baƙi, wadda da na ce mata ba na cin naman alade sai ta ninka mini ƙwai da wake da burodi ba tare da wata tambaya ba. Babu motar haya da ke zuwa Grime's Graves, sai na ɗauki tasi ta cikin dajin Thetford. Fili ne mai ramuka sama da 400 da mutanen zamanin dutse suka haƙa da ƙahon barewa shekaru kusan 4,500 da suka wuce. Aka ba ni hular kwano, na sauka mita 9 cikin farin alli mai sanyi, a can ƙasa na ga shimfiɗar baƙin dutsen tana ƙyalli. Waɗannan ramuka sun riga bindiga da dubban shekaru, amma irin wannan shimfiɗa ce masu haƙar ƙanƙarar bindiga suka bi a Lingheath, kusa da garin, inda mutum guda kan haƙa raminsa shi kaɗai, ya riƙa hawo da dutsen a ka daga mataki zuwa mataki.

A ƙaramin gidan tarihin Brandon, wanda 'yan sa kai ke buɗewa a wasu ranaku, wani mutum ya nuna mini kayan aikin masu fasa ƙanƙara. Aikin hawa uku ne. Da farko a ɗora ƙaton dutsen a cinya bisa matashin fata, a raba shi da babbar guduma. Sannan a sa guduma mai tsini a riƙa ɓanɓaro dogayen falle daga gefensa. A ƙarshe a kafa ɗan turken ƙarfe a jikin kututture, a ɗora fallen a kansa, a sare shi gunduwa-gunduwa da wata guduma mai faɗi wadda ita ma daga tsohon magagari ake ƙera ta. Kowace irin bindiga da girman tata ƙanƙarar, kuma gwani yana iya fitar da 2,000 ko fiye a yini. Tun da ƙanƙara ɗaya ba ta wuce harbi 20 zuwa 30 take dakushewa, bukatarta ba ta yankewa, har a lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon garin yana ba sojan Birtaniya sama da miliyan guda a wata, a daidai lokacin da Faransa ke fasa tata mai ruwan zuma a yankin Meusnes. Masu aikin sun biya da huhunsu, domin a rufaffun ɗakuna suke shaƙar ƙurar dutsen, da yawansu ba su ga tsufa ba. Bayan sojoji sun bar ƙanƙara a wajen 1840, kasuwar Afirka ce ta riƙe sana'ar fiye da shekara 100, kuma Fred Avery, na ƙarshen masu fasa ta a garin, ya rasu a 1996.

Zangona na ƙarshe a hanyar komawa Landan shi ne tsohuwar masana'antar albarushi ta Waltham Abbey a bakin kogin Lea, wadda gwamnati ta saya a 1787. Kayan haɗin ma daga nesa suke: farin gishirinsa da Turawa ke kira saltpetre daga Indiya, farar wuta daga Sisili, gawayi kuwa daga itatuwa masu laushi da ake shukawa a harabar. Bayan duk ƙarfen da na gani a tafiyar, nan na zo wurin da aka haramta shi, saboda tartsatsi guda ya isa ya tashi gini. Kayan aiki na katako ne da tagulla da fata, ma'aikata na sa takalma marasa ƙusa, gine-ginen a warwatse suke da tudun ƙasa a tsakaninsu, kuma a cikin kwale-kwalen katako ake jan albarushin ta magudanan ruwa. Wannan na gwamnati ne, mai ƙarfi. Wanda ake kai wa Afirka masana'antu masu zaman kansu ne ke yin sa, garas-garas, mai rauni. Ina kyautata zaton raunin nan nasa ne ya rufa wa bututun ƙarfen kwabo biyu asiri, domin da albarushin soja aka riƙa ɗura musu, da waɗanda suka fashe sun ninka haka.